Injiniya da Jar Garkuwa

A layin nan kowa Injiniya yake ce masa, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan. Har ya yi ritaya, aikinsa riƙe makullan ɗakin ajiya ne a wani ofis. Sai dai ranar da aka fara kawo kwamfuta ofishin, shi aka sa ya ɗauko ta daga mota ya hau da ita bene. Tun daga ranar, duk inda aka ambaci na'ura sai ya gyara zama ya ce, "Mu da muka shigo da ita?"

Kwamfutar da ke falonsa ba tasa ba ce. Autarsu, wadda ke aure a wani gari mai nisa, ita ta kawo wa mahaifiyarta, saboda abu guda: a ciki akwai muryar Inna, surukar Injiniya, wadda Auta ta ɗauka lokacin ciwon ajalin tsohuwar. Wani ɗan hotonta ne a kusurwar allo. In aka danna shi sai ta yi magana. Maman Auta takan zauna da la'asar ta saurara kaɗan, ta share ido da gefen mayafi, ta kashe. Babu muryar a ko'ina kuma, don wayar da aka ɗauke ta da ita ta daɗe da faɗawa cikin bokitin wanki.

Kafin Auta ta koma, ta sa wa kwamfutar antibairos, ta ce, "Mama, wannan mai gadi ne. Kullum da hantsi zai leƙa intanet ya karɓo sunayen sababbin ɓarayi. In kin ga garkuwar nan ta ƙasan allo koriya, lafiya lau." Ta ajiye wani ɗan baƙin akwati mai ƙyafta fitilu a bayan kujera, ta faɗa musu lambar sirrin intanet ɗin gidan. Injiniya bai ji bayanin akwatin ba, don a lokacin yana yi wa Auta bayanin yadda aka ƙirƙiro kwamfuta. A ganinsa intanet daga sama yake saukowa, ta farantin talabijin da ke kan rufi, akwatin kuwa fitilar ado ce irin ta 'yan zamani. Amma lambar sirrin ya haddace ta tsaf, har yakan karanto ta da ƙarfi a shagon Mai Aski, gaba da baya, don a ga irin ƙwaƙwalwar da Allah ya ba shi.

Ana nan sai garkuwar ta fara yin ja, da rubutu a ƙasa cewa sabuntawa ta gaza. Ba kullum ba. Yau ja, gobe kore, jibi kore, gata ja.

Soket ɗaya ne mai aiki a falon, bakinsa biyu: ɗaya na kwamfuta, ɗaya na baƙin akwati. Injiniya kuwa ba ya zuwa wuri mai muhimmanci sai da karin guga a wando, kuma ba ya yarda kowa ya yi masa. Duk safiyar da zai fita, sai ya zare filogin fitilar banzan nan, ya jona dutsen guga, ya gama, ya kama gabansa. Da la'asar Maman Auta ta zo shara ta ga filogi a ƙasa ta mayar, kamar yadda take mayar da hularsa da takalminsa, ba tare da ta kawo komai a ranta ba.

Ta ce, "Baban Auta, a kira yarinyar nan mana ta duba."

"A kira wa? Yarinyar da na koya wa kunna tocila? Ina cikin gidan nan da raina?"

"To ni dai Yayana yana tafe ƙarshen mako, takanas don ya ji muryar Inna. Ka san bai riske ta da rai ba. Ka yi duk abin da za ka yi, amma kada ka taɓa min Inna."

Ya ce, "Inna tana hannun ƙwararru."

A ransa har ya gama tsara komai. Zai gyara garkuwar, labari ya bazu, ya kafa teburi a baranda da allo a sama, masu kwamfutoci su riƙa bin layi suna kiransa ranka ya daɗe.

Ya fara da bincike. Ya kara kunne a bango, ya ji keken ɗinkin maƙwabcinsa Tela yana ta sukuwa. Ya gyaɗa kai. Da gari ya waye ya zare filogi, ya goge wando, ya fita.

"Tela, kekenka yana firgita min mai gadi."

"Ka ɗauki mai gadi ne, Injiniya? Me zai tsare, tsofaffin jaridu?"

"Girgiza! Kai ba ka yi kimiyya ba. Girgizar keke tana bin bango, ta kaɗa saƙon a hanya, ya zube."

"To a sa masa murfi mana."

"Yau ba za ka taka keken nan ba sai hantsi ya wuce."

Tela ya dubi karin wandon Injiniya, ya dubi tasa wayar da yake latsawa, ya jefa ta cikin aljihun teburi. Ya ce, "Yau ma an yi guga ke nan."

"Mai daraja ba ya fita a yamutse."

Don son kallo, Tela ya ɗage ƙafa daga keke. Suka zauna suna kallon juna har hantsi ya dubi ludayi, sannan suka shiga falon tare. Garkuwa ja wur.

Injiniya ya ce, "Ragowar girgizar jiya ce. Bango yana riƙe ta."

Tela ya ce, "Bangon naku akwai riƙo."

Washegari Injiniya ya wuni a gida da singileti yana fushi, garkuwa ta yi kore shar. Ya kira matarsa ta shaida. Da safe ya goge babbar riga ya nufi shagon Mai Aski don sanar da nasara, ya taso shi gaba daga kan wani mutum da aka yi wa rabin aski, ya kawo shi ya gani da idonsa. Ja.

Mai Aski ya ce, "Ka gwada kashewa ka kunna?"

"Wannan maganin 'yan koyo ne."

"Ni dai injin askina in ya yi gardama, bugu ɗaya nake masa a tafin hannu."

"Shi ya sa duk layin nan kawunanmu suka karkace."

A nan ne Injiniya ya ɗaga kai ya gano ainihin matsalar. Farantin da ke kan rufi sama yake kallo, kwamfuta kuwa tana ƙasa. Yaya za a yi saƙo ya iso kullum? Sai dai in iska ta taimaka. Ya aro tsani, ya hau da babbar rigarsa, ya kama farantin da hannu biyu. Farantin nan kuwa ba nasa ba ne shi kaɗai, daga jikinsa ake ja zuwa shagon Mai Aski, inda a lokacin samari suka cika benci suna kallon ƙwallo. Injiniya ya murɗa, ya murɗa, sai da farantin ya sunkuyar da kai yana leƙen tagar falonsa.

Ihu ya tashi a shagon aski. Aka fito da gudu, har da mai rabin askin, da kumfa a ƙeya. A cikin turereniya wani ya yi karo da tsani, tsani ya kwanta a ƙasa.

Injiniya ya leƙo ya ce, "Ku kwantar da hankalinku, gwaji ake yi!"

Mai rabin aski ya ce, "Ana shirin buga fenariti kake gwaji?"

"Ku miƙo tsani!"

"Mayar da faranti tukuna!"

Ya juya zai mayar, wani ƙusa ya kama wandonsa ta baya. Ƙarar da yadin ya yi har bakin titi an ji ta. Sai muryar Tela daga ƙasa, a natse: "To, wannan kam fannina ne. In ka sauko ka kawo."

Ya sauko da baya-baya, yana riƙe da babbar riga kamar mai ɓoye kaza. Maman Auta tana tsaye a ƙofa, ta matsa masa ya wuce.

Kunya ta zaunar da shi a gida, wando yana wurin Tela, dutsen guga ya huta, garkuwa ta yi kore. Wani da ya bar ta haka. Amma Injiniya ya zauna ya yi tunani mai zurfi, ya gane cewa mai gadin nan barci yake yi wasu ranakun. Ko a ofishinsu ba a taɓa barin mai gadi ɗaya a ƙofa ba. Da yake intanet yana gudu ranar, ya nemo wasu antibairos biyu na kyauta, ya zuba su a kan na farko.

Da farko falon shiru. Can sai mai gadi na biyu ya buɗe taga a allo ya ce ya kama ɓarawo, kuma ɓarawon shi ne mai gadi na farko. Na farko ya ce ƙarya ne, na biyun ne ɓarawo. Na uku, wanda ba a tambaye shi ba, ya ce dukansu biyu ya tsare su. Kwamfuta ta fara huci kamar mai hawan tudu. Taga ta hau kan taga, kowacce da ƙararrawarta, kowacce tana tambaya: a tsare? a share? a kora?

Injiniya ya naɗe hannun singiletin da ba ta da hannu, ya ce, "Yanzu aka fara aiki." Ya riƙa danna eh, eh, eh, yana jan linzamin kwamfuta hagu da dama, duk abin da ya motsa ya kai masa duka. Da ƙura ta lafa, garkuwa uku ne a ƙasan allo suna hararar juna. Kusurwar da hoton Inna yake kuwa babu komai sai shuɗin fili.

Da la'asar Maman Auta ta jawo kujerarta ta zauna. Ta duba kusurwar. Ta goge tabarau ta sake dubawa.

"Baban Auta, ina Inna?"

Nan take ya ce, "Masu gadi sun kai ta ɗakin tsaro. Don lafiyarta. Ana cikin yaƙi ba a barin tsofaffi a fili."

"Gobe Yaya zai iso."

"Gobe zan fito da ita a gaban kowa. Har Yayan zai san wa ƙanwarsa take aure."

Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta zauna gaban shuɗin filin nan daidai tsawon lokacin da ta saba zama, sannan ta mayar da kujerar wurinta. Shi kuwa ya karɓo wandonsa ya goge tun da yamma, don kada safiya ta ƙure masa. Ta zo wucewa ta ga filogi a ƙasa, ta mayar.

Yaya ya iso da safe, dogon tsoho mai sanda, wanda kunnensa ya yi nauyi har sai an yi masa magana kamar ana kiran mai tsallaken kogi. Injiniya ya riga ya bi layi gida-gida ya gayyato jama'a. Ya fito da kwamfutar baranda, ya ja mata doguwar waya daga soket ɗin falo, ya bar ƙofa a buɗe. Saboda kunnen Yaya, ya aro lasifikar Mai Aski. Mutane suka cika benci da dakali. Abin da ya ɗan ba shi mamaki, kusan kowa kansa a sunkuye yake a kan waya, fuska cike da annuri, kamar ba su taɓa samun wurin zama mai daɗi irin barandarsa ba.

Ya yi gyaran murya. "Jama'a, yau za ku ga bambancin ilimi da kame-kame."

Yaya ya ce, "Me ya ce?"

Tela ya ɗaga murya: "Ya ce za a ga kame-kame!"

Mai Aski ya ce, "Injiniya, lasifikar fa sai an jona ta."

"Ƙaramin abu." Ya shiga falo a kan idon kowa, ya sunkuya bayan kujera, ya zare filogin baƙin akwati, ya jona lasifika.

Baranda gaba ɗaya ta yi "Kash!" a tare. Kawuna suka ɗago. Tela, wanda ke tsakiyar kallon wani sabon yankan riga, bai san lokacin da ya ce ba, "Haba Injiniya! Guga kuma yanzu?"

A allo, garkuwa ta farko ta yi ja, ta biyu ta bi ta, ta uku ta bi su. Karo na farko ke nan da masu gadin suka yarda da juna.

Maman Auta ta dubi allon, ta dubi filogin da ke hannun mijinta, ta juyo a hankali. "Tela, wace guga?"

Tela ya dubi Mai Aski. Mai Aski ya dubi sama.

"Tela, da kai nake."

"Wallahi Mama, ba ni kaɗai ba ne. Shi ya karanta mana lambar da bakinsa. Har ta baya ya karanta."

Mai Aski ya ce, "Mu ai da mun ji ƙamshin guga ta taga, sai mu ajiye waya. Duk layin nan an san ranar gugarsa. Akwatin da yake zarewa ai shi ne intanet ɗin."

Injiniya ya ce, "Fitila ce!"

Mai rabin aski, wanda yanzu an ƙarasa masa, ya ce, "Fitilar da ta raine mu."

Maman Auta ta ce, "Kuna gani ya hau rufi, ba wanda ya faɗa masa?"

Tela ya ce, "In mun faɗa, ai sai a tambaye mu yadda aka yi muka sani."

Yaya ya ce, "Me ake cewa?"

Tela ya ce, "Ana cewa surukinku ne ɓarawon da ake nema!"

Dariya ta ɓarke. Injiniya ya zabura ya kama linzami. "Makirci ne! Masu gadin nan an saye su. Yanzu zan kore su duka, in zuba su a shara, in zubar da sharar a gabanku!" Ya danna kwandon shara da ke gefen allo, kwando ya buɗe, ya kai kibiya kan wurin da aka rubuta a zubar da komai.

Hannun Maman Auta ya sauka a kan nasa. Bai taɓa sanin tana da ƙarfi haka ba. A cikin kwandon, tsakanin tarkace, ga ɗan hoton tsohuwa da ɗankwalinta a karkace.

"Baban Auta. Me Inna take yi a kwandon shara?"

"Wato... shi ne ɗakin tsaron. Ta ƙofar baya."

Yaya ya ce, "Me ta ce?"

Tela ya haɗa tafuka a baki: "Ta ce ya jefa mahaifiyarku a shara!"

Yaya ya miƙe da sandarsa. Injiniya ya saki linzami ya koma bayan Mai Aski. Maman Auta ta zauna a kujerar ƙwararru, ta fito da hoton daga kwando kamar yadda take yi in ta yar da abu bisa kuskure, ta danna shi.

Lasifikar Mai Aski an ƙure ta saboda Yaya. Muryar Inna ta cika layin daga wannan kai zuwa wancan, siririya, tana haki, tana gaida 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan babban ɗanta ta ce ta san hanya ce ta yi masa nisa, kada ya sa wa ransa damuwa, Yaya ya koma ya zauna, ya ɗora goshi a kan sanda. Maman Auta ba ta taɓa iya wuce wannan wurin ba. Kullum a nan take kashewa. Yau saboda Yaya ta bari ya ci gaba.

Inna ta yi tari, ta ce, "Shi kuma mijinki, mutumin kirki ne. Bai taɓa ɗaga miki murya ba, ki riƙe shi." Injiniya ya fito daga bayan Mai Aski, ya gyara wuyan riga. "Amma don Allah, 'yar nan, kada ki bar shi ya taɓa komai mai waya a jiki. Rediyona lafiyarta ƙalau ya ce zai gyara. Har yau ban sake jin labarai ba."

Tela ya faɗo daga benci. Mai Aski ya kama ginshiƙi. Maman Auta tana dariya hawaye na zuba, har ba a san wanne ne ya fi yawa ba. Yaya ya ɗago da jajayen idanu ya ce, "Na ji na farkon. Na ƙarshen ne ban ji sosai ba. A maimaita."

Aka maimaita masa. Ya ce a ƙara.

Da yamma Maman Auta ta kira Auta da kanta. Aka sallami masu gadi biyu, aka aika wa Yaya da Auta muryar kowa ya ajiye tasa, aka canja lambar sirri, ba a kuma faɗa wa Injiniya sabuwar ba. Dutsen guga ya koma soket ɗin kicin, garkuwa ta zauna koriya.

Tela ne yake masa guga yanzu, kyauta, yana tambayarsa a fakaice ko ƙwaƙwalwar nan tana nan yadda take. Injiniya yakan karɓi wandonsa, ya duba kari, ya ce irin wannan sirri ba a gaggawa da shi, a dai ci gaba da biyayya.

Da la'asar kuwa, in Maman Auta ta jawo kujera, shi ma yakan zo ya zauna a gefe. Yana sauraro shiru har inda Inna ta ce mutumin kirki ne. Daga nan sai tari ya sarƙe shi, mai ƙarfi, ba ya kuma sakinsa sai an wuce zancen rediyo.